Daga Ina Likita Ya San Maganin da Zai Ceci Mai Ciwon Gaggawa?

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da hatsi yake nuna a gona, a sa'an nan ne gadajen yara suke cika a asibitocin jihar Maraɗi. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a wannan lokaci ya gani da idonsa. Ana shigowa da yara daga Zariya da Bagalam da sauran unguwannin birni. Ana kawo wasu daga Tibiri, wasu daga Jiratawa da ƙauyukan bakin gulbi, wani a kan kabu-kabu, wani a cikin amalanke. Wani jikinsa ya yi zafi rau, wani yana shiɗewa, wani kuwa ko uwarsa ba ya ganewa. Irin wannan shi ake kira ciwon gaggawa, wato ciwon da zai iya ɗaukar ran mutum cikin awa kaɗan idan ba a hanzarta ba.

Likitan da ya karɓi irin wannan yaro ba shi da lokacin dogon tunani. Dole ya yanke shawara nan take. Wace allura zai yi? Zai ƙara ruwa ko ba zai ƙara ba? In zai ƙara, kamar yaya, kuma da wane irin sauri? Kuskure kaɗan a nan yana iya jawo rasa rai.

To, jama'a, daga ina likita ya san abin da ya fi? Wani zai ce ai a makaranta ya koya. Gaskiya ne. Amma su malaman da suka koya masa fa, daga ina suka sani? Daga bincike suka sani. Akwai wani irin bincike da ake yi a bakin gadon marar lafiya, ana gwada magani da magani don a ga wanda ya fi ceton rai. An yi irinsa a ƙasashe masu nisa, an kuma yi a nan ƙofar gidanmu. Ya kamata kowane magidanci da kowace uwa su san yadda ake yin sa, domin wata rana ana iya zuwa gare su da takarda a ce ana neman yardarsu.

Darasi daga gonar gwaji

Manomi zai fi kowa saurin gane wannan magana. A Tarna, nan kusa da birnin Maraɗi, akwai tashar binciken noma wadda ta daɗe tana gwada irin hatsi da wake da gujiya. A ce an kawo maka sabon irin hatsi, aka ce ya fi naka. Idan ka shuka sabon a gona mai taki kusa da gida, ka shuka tsohon a jigawar da ta gaji, to ko da sabon ya fi ba da damma ba ka san komi ba tukuna. Mai yiwuwa takin ne ya yi aikin. Haka nan idan ka shuka sabon bana ka kwatanta da abin da ka samu bara, domin damina ba ta zuwa iri ɗaya. Abin da masu gwaji suke yi shi ne su raba gona ɗaya fili-fili, su shuka irin biyu rana ɗaya, su yi masu noma ɗaya, ranar girbi su auna.

Haka ake yi da magani. Sai dai jikin mutum ya fi gona wuyar sha'ani. Masu ciwo da yawa suna warkewa ko da maganin da aka ba su ba shi da wani ƙarfi. Wasu kuwa suna rasuwa ko da an ba su magani mafi kyau, domin an kawo su a makare. Saboda haka likita yana iya yin shekara 20 yana ba da wani magani, yana ganin mutane suna tashi, ya ɗauka maganin ne, alhali da wani daban ya ba su da waɗanda suka tashi sun fi haka yawa.

Shi ya sa masu bincike suke bin ƙa'ida. Ana raba marasa lafiya kashi biyu, a ba kashi ɗaya wannan magani, a ba ɗayan wancan. Likita ba ya zaɓen kashin da mutum zai shiga, ƙuri'a ce take zaɓa. Tun kafin a fara ake rubuta sunan magani a takardu, a rufe kowace cikin ambulan ɗin wasiƙa mai lamba. In marar lafiya ya zo sai a buɗe wadda ke gaba. Dalili kuwa, da a ce likita ne yake zaɓa, zuciyarsa tana iya karkata ya ba masu sauƙin ciwo maganin da yake so, ya zama ya shuka irinsa a gona mai taki. Ana kuma bukatar mutane da yawa, ɗaruruwa ko dubbai, kamar yadda ba a auna albarkar gona da gindin hatsi ɗaya.

Akwai kuma wani sharaɗi babba. Ba a yin irin wannan gwaji sai inda likitoci da kansu ba su tabbata wane magani ya fi ba. Idan an riga an san abu yana ceton rai, ba a yarda a hana wa kowa shi da sunan bincike ba.

Kinin da sabuwar allura

Dattawa ba su manta kinin ba. Shekara da shekaru shi ne maganin masassarar cizon sauro mai tsanani. Yana aiki, amma yana da wuyar bayarwa. Ana zuba shi cikin ruwan ƙari ya riƙa ɗiga a hankali har awa 4, sau 3 a rana. Yana sa kunne ƙara, yana kuma iya rage sukarin da ke cikin jinin yaro har ya suma.

Sai aka samu wata allura mai suna artesunat. Asalinta daga wani ganye ne dangin tazargade, wanda masanan ƙasar Sin suka ciro sinadarinsa a shekarun 1970. Daga 2005 zuwa 2010 aka gwada su biyun a kan yara 5,425 masu masassara mai tsanani, a asibitoci 11 na ƙasashen Afirka 9. Wani asibiti na Ilori a Nijeriya yana cikinsu. Ga abin da aka samu. A cikin kowane yara 1,000 da aka ba kinin, 109 sun rasu. A cikin kowane 1,000 da aka ba artesunat, 85 ne suka rasu. Bambancin yara 24 ke nan a cikin dubu.

Likita ɗaya a ɗakinsa ba zai taɓa ganin irin wannan bambanci da ido ba, sai an tara dubbai an ƙidaya. Amma idan aka tuna yawan yaran da ake kwantarwa kowace damina daga Maraɗi zuwa Katsina, za a ga rayukan ba kaɗan ba ne. An kuma san dalilin fifikon. Ƙwayar cutar tana shiga cikin ƙwayoyin jini, in ta girma sai ta sa su manne a ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa su toshe hanya. Artesunat yana kashe ta tun tana ƙarama, kafin ta manne. Kinin kuwa ya fi kama wadda ta riga ta girma. A shekarar 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa artesunat gaba da kinin ga yara ma, kamar yadda aka riga aka yi ga manya.

A nan sai mu ja kunne. Jiƙa tazargade a sha a gida daban yake da wannan allura. Yaron da yake shiɗewa ba a ɗura masa komi a baki, asibiti ake kai shi.

Maganar ƙarin ruwa

Mu dai mutane ne masu son ƙarin ruwa. Mutum ya je gidan likita, in ba a rataya masa leda ba sai ya dawo yana cewa ba su yi mini komi ba. Wasu ma har gida suke kiran mai allura ya rataya masu ledar a ƙusa. Saboda haka labarin nan da za mu ba da ya shafe mu ƙwarai.

Likitoci ma sun daɗe da yarda da ruwa. A manyan asibitocin Turai da Amurka, idan aka kawo yaro mai zazzaɓi mai tsanani wanda jininsa ba ya gudana sosai, hannuwansa sun yi sanyi, bugun jijiyarsa ya yi rauni, sai a ɗura masa ruwa mai yawa cikin jijiya da sauri. Haka littattafai suka koyar. Hankali ma ya yarda da haka, tun da shuka in ta yi yaushi ruwa ake ba ta. Sai dai babu wanda ya taɓa gwada abin da ƙuri'a a babban gwaji a kan yaran Afirka, waɗanda da yawansu masassarar cizon sauro ta riga ta shanye masu jini, kuma asibitocinsu ba su da na'urar da ke yi wa mutum numfashi.

A shekarar 2009 aka fara gwajin a asibitoci 6 na Yuganda da Kenya da Tanzaniya. An sa yara 3,141. Dukansu an ba su duk abin da aka san yana da amfani, wato maganin masassara, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da ruwa mai ɗiga a hankali gwargwadon bukatar jiki, da jini ga wanda jininsa ya ƙare. Abu ɗaya ne ya bambanta su. Kashi biyu an ɗura masu ruwa mai yawa cikin awa ta farko, kowane kashi da irin ruwansa. Kashi na uku ba a ɗura masu ba.

Masu binciken sun sa rai ruwan zai ceci yara. Ma'aikatan da ke bakin gado ma suna ganin alamar haka, domin yaran da aka ɗura wa ruwa sun fi saurin nuna farfaɗowa a awa ta farko. Amma a irin wannan aiki akan naɗa wani kwamiti na masana waɗanda ba su da hannu a ciki, su riƙa duba lissafin lokaci-lokaci. A watan Janairu na 2011 kwamitin ya ce a tsaya. Abin da suka gani ya tayar da hankalin kowa. A cikin kwana 2 na farko, cikin kowane yara 1,000 da aka ɗura wa ruwa, kamar 105 sun rasu. Cikin kowane 1,000 da ba a ɗura wa ba, 73 ne suka rasu. Ashe abin da ake yi da kyakkyawar niyya yana ƙara mutuwa.

Mai karatu ya tsaya ya yi tunani a nan. Waɗannan likitoci ba jahilai ba ne, ba kuma mugaye ba ne. Sun bi littafi, sun bi abin da idonsu ya gani. Amma abin da ido ya gani a awa ta farko ya saɓa da abin da lissafi ya nuna bayan kwana biyu. Da ba a yi gwajin ba, da an ci gaba da koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci ɗura ruwa, ana ganin ci gaba ne aka kawo. An sha gardama a kan sakamakon har shekaru. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gyara shawararta, ta ce kada a ɗura ruwa da sauri sai ga yaron da alamun tsayawar gudun jini suka cika a jikinsa, shi ma a auna, a sa ido.

A kula sosai, kada a juya maganar. Ba a sa masu gudawa da amai a wancan gwaji ba, haka ma waɗanda wuta ta ƙona ko suka yi rauni. Wanda ruwan jikinsa ya zube, kamar mai kwalara, ruwa ne ceton ransa, ko na gishiri da sukari da ake sha, ko na jijiya in ya kasa sha. Abin nufi shi ne ruwan ƙari magani ne kamar kowane magani. Yana da wanda ya dace da shi, yana da ma'auni. Idan likita ya duba yaro ya ce ba ya bukatar ƙarin ruwa, kada a matsa masa, kada kuma a ce rowa ce. Idan aka rataya leda tana ɗiga a hankali, kada mai jinya ya taɓa ɗan makunnin da ke jikin tiyo wai don ruwan ya yi sauri a tafi gida. Ga yaro mai tamowa, wanda zuciyarsa ba ta da ƙarfi, wannan kaɗai yana iya kashe shi.

Abin da aka bincika a ƙasarmu

Sanƙarau tsohon baƙo ne a gare mu, yana zuwa da bazara lokacin zafi da ƙura. Da can, in annoba ta ɓarke, ana yi wa masu ciwon wata allura mai kauri da aka haɗa da mai, sunanta kuloramfenikol. Tana aiki, amma ba a yi wa mai ciki, kuma samun ta ya fara wuya. A bazarar 2003, ana cikin annoba, aka gwada ta da wata allura mai suna seftiriyazon a gidajen likita 9 na Nijar, a kan mutum kamar 500. Aka tarar ƙarfinsu ɗaya. A kowane kashi, mutum 9 cikin 100 ne maganin bai yi wa aiki ba cikin kwana 3. Wannan ya buɗe hanyar komawa ga seftiriyazon. Yau ita ce allurar sanƙarau lokacin annoba, kuma kwanaki ake yi ana yin ta.

A shekarar yunwa ta 2005 ƙungiyar likitocin nan ta na-gari-na-kowa, wato MSF, ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Bayan ƴan shekaru reshenta na bincike mai suna Epicentre ya kafa cibiya a birnin Maraɗi, yana aiki tare da ma'aikatar kiwon lafiya. Yawancin gwajin da cibiyar ta yi a gundumar Madarumfa aka yi shi, wato gundumar da Jiratawa take ciki.

Ɗaya daga ciki an yi shi a bazarar 2017, da sanƙarau ya sake ɓarkewa. Tambayar ita ce, in ciwon ya shiga ƙauye, kafin allurar rigakafi ta iso, akwai abin da zai tare shi? A nan ƙauyuka aka yi wa ƙuri'a, guda 49, masu mutane fiye da 70,000. A wasu an yi jinyar masu ciwon kamar yadda aka saba. A wasu an ƙara da ba mutanen gidan mai ciwon maganin sifiro sha ɗaya. A wasu kuwa duk mutanen ƙauyen aka ba. Cikin kowane mutum 10,000, ciwon ya kama 45 a kashi na farko, 39 a na biyu, 19 a na uku. Wato ba ƴan gida kaɗai bai canza abu sosai ba, amma ba ƙauye duka ya rage ciwon da fiye da rabi. Wannan aikin hukuma ne, cikin tsari. Ba izini ba ne mutum ya sayi sifiro wurin mai talla ya riƙa sha, domin yawan shan irin wannan magani yana sa ƙwayoyin cuta su saba da shi ya daina kashe su.

Ba kullum bincike yake ba da amsa a fili ba. Daga 2012 zuwa 2013 an gwada maganin amoksisilin a gidajen likita 4 na Madarumfa, a kan yara kamar 2,400 masu tamowa mai tsanani waɗanda ake jinyarsu a gida. Duka an ba su abincin nan na gujiya da madara da ake bayarwa a ƙunshi. Rabi an ƙara masu da maganin na kwana 7, rabi an ba su wani abu mai kama da shi wanda babu magani a ciki. Uwa ba ta san wanda aka ba ɗanta ba, ma'aikaci ma bai sani ba, don kada zato ya shiga cikin awo. Cikin 100, yara 66 suka murmure a kashin magani, 63 a ɗayan, wato kusan ɗaya. Amma waɗanda ciwo ya tsananta har aka tura su babban asibiti, 26 ne a kashin magani, 31 a ɗayan. Wani gwaji da aka yi a Malawi kuwa ya nuna maganin yana rage mutuwa. Da aka haɗa duka, ba a daina ba da shi ba.

Abin da ya faru a Kano

Wani mai karatu zai ce, duk wannan mun ji, amma fa mun ji labarin Kano. Yana da gaskiya, kuma bai kamata a ɓoye ba.

A 1996 annobar sanƙarau ta kashe mutum fiye da 10,000 a arewacin Nijeriya. Ana cikin haka kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Zana na Kano ya gwada sabon maganinsa mai suna Trovan a kan yara kamar 200. An ba rabi Trovan, an ba rabi seftiriyazon. Yara 11 sun rasu, 5 a kashin Trovan, 6 a ɗayan, wasu kuma sun tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi wannan ɓarna, ya ce kuma an yi wa iyaye bayani da baki. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya masu gwaji ake yi. Ba a nuna takardun da suka sa wa hannu ba. Daga baya kuma aka gano takardar izinin gwajin bayan an gama aikin aka rubuta ta, aka sa mata tsohon kwanan wata. An sha shari'a a Nijeriya da Amurka, har a 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da ya amsa laifi ba.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da aka ƙi allurar shan inna a Kano a 2003, wannan labari yana cikin abin da mutane suka riƙa ambatawa, kuma yaran da ba su ji ba ba su gani ba su ne suka shanye. A ganinmu babban laifin da aka yi a Asibitin Zana shi ne raina iyaye. Da an zauna da su an faɗa masu gaskiya, an bar su sun zaɓa, da ba a kai nan ba.

Idan aka zo neman yardarka

Yau a Nijar ba a yarda a fara gwajin magani a kan mutane ba sai kwamitin ƙasa da ke Yamai ya duba ya amince. Aikin kwamitin shi ne kare marar lafiya. Amma kariya mafi kusa tana hannun iyaye.

Dole a yi maka bayani da harshen da kake ji. In ba ka iya karanta takardar da kanka ba, a karanta maka a gaban shaida wanda ba ya cikin masu binciken, sa'an nan ka sa hannu ko ka dangwala yatsa, a ba ka taka takardar ka tafi da ita. Kada ka ji nauyin tambaya. Ka ce, “Malam likita, wane magani ne kuke gwadawa, kuma da wanne kuke kwatanta shi? Wace illa aka san yana da ita? In wani abu ya samu yaron, wa zan nema, kuma wa zai ɗauki nauyin jinya? In na ƙi, me za a ba ɗana?” Amsar ta ƙarshe ɗaya ce tak. In ka ƙi, za a yi wa ɗanka jinyar da ake yi wa kowa, ba ragi. In ka yarda yau, gobe ka sake shawara, kana iya fita. Duk wanda ya ce maka sai ka sa hannu za a duba ɗanka, ya karya doka, ka kai ƙararsa ga shugaban asibiti.

Ciwon gaggawa yana da tasa wahala a nan. Uwa tana riƙe da yaro yana shiɗewa, yaya za ta saurari takarda mai shafi 3? A gwajin ƙarin ruwa da muka ambata, abin da aka yi shi ne a yi wa iyaye gajeren bayani, su ce to ko a'a da baki, a fara jinya nan take. Bayan yaro ya natsu sai a zauna a karanta cikakkiyar takarda, su sa hannu ko su ce a cire ɗansu. Kwamiti ne yake ba da izinin bin wannan hanya tun kafin a fara, likita ba ya ƙirƙiro ta da kansa.

Akwai wata matsala tamu ta gida. Sau da yawa uwa ce kaɗai a asibiti, maigida yana gona, ko ya tafi cin rani Kano ko Agadas. A tambaye ta, ta ce sai an gaya wa uban yaro. Maganar gwaji tana iya jira, ba dole ba ce. Amma ƙarin jini, da kwantarwa, da tura yaro babban asibiti ba su jira. Ya kamata magidanci ya faɗa wa iyalinsa tun ana lafiya cewa in ba ya nan, ya yarda su kai yaro asibiti su kuma amince da jinyar da likita ya ce, ya bar masu kuɗin kabu-kabu a ajiye.

Bincike ya auna abin da jinkiri yake yi. A Gana da Tanzaniya da Bangaladash an gwada wani artesunat na matsi, wanda ake sa wa mai ciwo a dubura tun a ƙauye kafin a kama hanya. Mutum kusan 18,000 aka sa a gwajin, aka fitar da sakamako a 2009. Ga waɗanda suka isa asibiti da wuri, ba a ga bambanci ba. Ga waɗanda awa 6 ta wuce ba su isa ba, cikin 1,000 mutum 38 sun rasu ko sun naƙasa in ba a yi masu matsin ba, 19 in an yi masu. Matsin yana riƙe yaro ne a hanya kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana jaddada cewa sai an ƙarasa asibiti an yi allura, an kuma shanye ƙwayoyin kwana 3, ko da yaron ya farka yana neman nono.

Alamun da ba a kwana da su a gida su ne shiɗewa, da barcin da ba a iya tayar da yaro, da kasa shan nono ko ruwa, da amayar da duk abin da ya shiga ciki, da numfashi sama-sama, da sanƙarewar wuya, da tafin hannu ya yi fari fat. Wanda ya ga ko ɗaya daga ciki ya kwantar da yaron a gefensa, ya rage masa tufafi, ya ɗauki katin asibitinsa da duk maganin da aka riga aka ba shi a gida don likita ya gani, ya nufi gidan likita mafi kusa, ko da tsakar dare ne.